Ka fara duba fanka kafin kowa ya taɓa maka injin

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don irin wannan matsalar ce ta ci min injin. Ka ce allurar zafin injin motarka tana haurawa ja in ka shiga cunkoso da rana, amma da hanya ta buɗe sai ta sauko. To fanka za ka fara zargi. In mota na gudu, iska ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa duk aikin na fanka ne. Ka bar motar a kunne, ka kunna AC, ka leƙa. In fankar ba ta juya ba, a duba fiyus da rile da wayarta tukuna.

Ni wani makaniki, Allah ya isa tsakanina da shi, ko kallon fankar bai yi ba. Tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, ya cire ya jefar, wai a zafi ba a buƙatarsa, ya ɗura ruwa zalla, ya ce in tafi an gama. Ina ɗauke da iyali muka maƙale a cunkoso, tururi ya turnuƙe daga bonet, yara na kuka, na bayanmu sai danna hon suke. Da aka zaro sandar baƙin mai, ga shi nan kamar an zuba masa madara. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone. Na koma wurinsa, ko kunya babu, wai ai motar ce ta tsufa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don Allah in motarka ta yi zafi ka kashe AC, ka kunna hita har ƙarshe ko da za ka jiƙe da gumi, yana janye zafi daga injin. Ka samu gefe ka kashe ta. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto a lokacin, ruwan a matse yake, ya wuce digiri 100, zai saɓule maka fata. Ka jira aƙalla minti 30. Ruwan sanyi ma kada a watsa wa injin, kansa na iya tsagewa.

Shi ma murfin a duba robarsa, in ta mutu ruwa da wuri yake tafasa. Ruwa zalla kuma tsatsa yake tarawa, ka sa kulant, wato ruwan sanyaya injin na musamman. In kuwa ka ga farin hayaƙi a salansa, ko ruwa na raguwa ba ka ga inda yake yoyo ba, kada ka ƙara tuƙa ta, a ja ta zuwa gareji.