Kyautar kwalbar Dom Pérignon: a sayar, a ajiye, ko a zubar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cinikin ƙaro da wani Bafaranshe wanda ba Musulmi ba ne. Da muka rufe cinikin bana sai ya aiko mini da kwali, na karɓa na yi godiya, sai a gida na tarar kwalbar Dom Pérignon ce mai ɗauke da shekarar 2008. Ni ba zan sha ba. Amma an ce mini wannan kayan tarihi ce mai tsada, in sayar in yi sadaka da kuɗin, ko in ajiye ta a falo don ado. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin haƙiƙarsa, don haka mu fara da abin da ke cikin kwalbar.

Dom Pérignon shamfen ce, wato giyar inabi mai kumfa ta yankin Champagne a arewa maso gabashin Faransa, kuma kamfanin Moët & Chandon ne ke yin ta. Sunan na wani rahibin Kirista ne, Pierre Pérignon, wanda ya riƙe rumbun giyar gidan ibadar Hautvillers daga 1668 har ya mutu a 1715. Shi bai taɓa ganin wannan kwalba ba: zubin farko na inabin 1921 ne, an fitar da shi kasuwa a 1936. Shekarar da ka gani tana nufin duk inabin a kakar 2008 aka tsinke shi, domin ba a yin ta sai da amfanin shekara guda, shekarar da ba ta yi kyau ba kuwa a tsallake ta.

Sau biyu ake tsima ta. Ana matse inabi, ruwan ya tsimu ya zama giya. Sai a ɗura a kwalba, a ƙara yis da sukari kamar giram 24 a kowace lita, a toshe. Yis ya ci sukarin, ya ƙara barasa, iskar da ta fito ta rasa hanya ta narke a ciki. Ita ce kumfar. A bar ta kwance a rumbun ƙarƙashin ƙasa shekara takwas ko fiye kafin a cire dattin yis ɗin. Barasarta kashi 12.5 cikin 100 ce, wato a kwalbar mililita 750 akwai kusan mililita 94 na tsantsar barasa, fiye da ninki biyu na ƙarfin giyar kwalba da aka saba gani. Daɗewa ba ta rage mata komai.

To ita ce hamru (giyar da Alƙur'ani ya haramta) ta asali, ta inabi, wadda babu mazhabar da ta yi saɓani a kanta. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ta ce a nisance ta. Tsada da suna ba sa cikin illar hukuncin, wato dalilin haramcin, bugarwa ce illar. Ko da UNESCO ta sa gonaki da rumbunan Champagne cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, karanta wannan tarihin halal ne, amma bai canza abin da ke cikin kwalba ba.

Mas'alarka ta taɓa faruwa kusan sak. Imam Malik da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa wani mutum ya kawo wa Manzon Allah (SAW) kyautar salkar giya. Da aka sanar da shi an haramta ta, sai ya raɗa wa na kusa da shi a sayar. Annabi ya ce: "Wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita." Nan take mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Saboda haka sayarwa ba ta halatta, ko ga Musulmi ko ga wanda ba Musulmi ba, kuma niyyar sadaka ba ta gyara cinikin, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Kyautar da ita ga wani ma haka, taimako ne a kan sha.

Ajiyewa don ado ba ta dace da umarnin nisanta ba. Sahabi Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) a kan giyar da marayu suka gada, Annabi ya ce ya zubar. Abu Ɗalha ya ce ko ya mayar da ita ruwan khal (vinegar), Annabi ya ce a'a, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Dukiyar maraya ke nan, wadda Shari'a ta fi tsananta tsarewa. Hanafiyya sun halatta mayar da giya khal, Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana, an ruwaito ƙyamarsa daga Malik. Ni zahirin hadisin nake rinjayarwa.

Da a gabanka ya miƙo ta ka gane, da sai ka ƙi karɓa cikin ladabi, ba ka da hurumin zubar masa da kayansa. Yanzu da ta shigo hannunka cikin rashin sani babu laifi a kanka, sai ka zubar. Amma a kula: matsin iskar da ke ciki ya kai kusan ninki uku na tayar mota, murfin yana iya fasa ido. Sanyaya ta sosai, kada ka girgiza. Rufa tsumma a kan murfin, ka kwance wayar da ta ɗaure shi babban yatsanka na danne, ka karkata bakin nesa da fuska da mutane, ka riƙe murfin ka juya kwalbar a hankali har iskar ta fita, sannan ka juye a magudanar ruwa. In ta fantsama a tufa ka wanke wurin kafin sallah, domin jumhur, wato mafi yawan malamai, suna ganin najasa ce. Gilashi ba ya tsotsar ruwa, don haka in an wanke kwalbar aka ɓare takardar ana iya amfani da ita.

Shi kuma abokin cinikinka, rubuta masa godiya a kan karamcinsa, ka bayyana masa cewa addininka ya hana ka shan giya da mallakarta, don kada ya sake aikowa baɗi. Wallahu a'alam.