Amsoshin Tambayoyinku: Me Zan Saya Don Haɗa Batirin Jan Ƙarfe da Tutiya?

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne, ina son nuna wa ɗalibaina yadda jan ƙarfe da tutiya suke samar da lantarki. Shin in sayi akwatin gwaji da aka riga aka haɗa, ko in tattara kayan ɗai-ɗai?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka tattara kayan da kanka, domin wanda ya san aikin kowane abu ba zai sayi abin da ba ya bukata ba. Abin da kake son haɗawa shi ne batirin da masanin Ingila John Frederic Daniell ya ƙirƙiro a 1836. Ana tsoma sandar tutiya, wato zinki, a ruwan gishirin zinki salfet, a tsoma ta jan ƙarfe a ruwan kofa salfet mai launin shuɗi, kowanne a kofinsa dabam. Da zarar waya ta haɗa sandunan biyu, kowace ƙwayar zarra ta tutiya takan saki elektiron biyu, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, ta narke cikin ruwa, elektiron ɗin su bi waya zuwa ɗaya ɓangaren, inda jan ƙarfen da ke narke a ruwan shuɗi yake karɓarsu ya manne a jikin sanda. Shi ya sa tutiya take ramewa, jan ƙarfe yake ƙara kauri, shuɗin ruwan kuma yake kwaranyewa a hankali, kuma wannan sauyin da ido ke gani ya fi komai kama hankalin yara.

Wajen saye, ka kula da abu biyu. Tagulla mai launin rawaya gauraye ce ta jan ƙarfe da tutiya, saboda haka ba za ta ba ka sakamako mai kyau ba. Nemi jan ƙarfe tsantsa, ko da kakkaurar wayar lantarki ce da aka feɗe. Ƙusar da aka shafa wa tutiya takan yi aiki na ɗan lokaci, amma shafen siriri ne, da ya cinye sai ƙarfen ciki ya bayyana, mitar auna lantarki ta fara nuna wani adadi dabam. Sandar tutiya ta gaske ta cancanci kuɗinta.

Kada ka manta da gadar gishiri, wadda ke haɗa ruwan kofunan biyu. Takardar tacewa da aka jiƙa da ruwan fotasiyam naitiret ta wadatar. In babu ita, lantarki zai tsaya nan take, domin caji zai taru a kowane ɓangare ba tare da hanyar daidaitawa ba. Kofa salfet kuwa yana da illa in an haɗiye shi, yana kuma kashe kifi, don haka a sa safar hannu, kada a zubar da ruwansa a magudana.

Tambaya: Na haɗa batirin, mita ta nuna bolt 1.1, amma ƙwan fitila bai kama ba. In sayo manyan sanduna?

Amsa: Batirinka lafiya yake. Bolt ma'aunin ƙarfin tura lantarki ne, kuma adadin 1.1 ya fito ne daga bambancin da ke tsakanin ƙarafan biyu, wato 0.34 na jan ƙarfe da 0.76 ƙasa da sifili na tutiya, kuma girman sanda ba ya canza shi ko kaɗan. Babbar sanda tana ƙara yawan lantarkin da zai iya gudana ne kawai, shi ma siririyar gadar gishiri takan takura shi. Ƙwan tocila na gargajiya yana jan lantarki fiye da abin da wannan haɗi zai iya bayarwa. Abin da ya kamata ka saya shi ne ƙaramin jan ƙwan LED, wanda ke bukatar kusan bolt 2, sannan ka haɗa batiri biyu a jere, jan ƙarfen na farko da tutiyar na biyu, ka samu bolt 2.2. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce za ta tafi ɓangaren jan ƙarfe, kuma in ka rage hasken ɗakin za ka fi ganin kamawarsa.