Me ya sa ra'ayin masu kallo ya rabu a kan fim ɗin Delicious?

Malam, ka tambaya ko fim ɗin ya cancanci kallo, tunda wasu na yabo wasu na kushewa. Kamfanin Fox ne ya fitar da shi a ƙarshen 1931, David Butler ya ba da umarni. Janet Gaynor ta fito a matsayin yarinya 'yar Sikotilan da ta shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, jami'an shige da fice suka hana ta sauka, ta sulale ta shiga New York a ɓoye. Charles Farrell shi ne attajirin da ya faɗa sonta.

Masu yabo yawanci kiɗan suke bi. George Gershwin ya tsara shi, yayansa Ira ya rubuta baitocin. Wurin da ya fi ɗaukar hankali yana kusa da ƙarshe, inda yarinyar ke yawo cikin dare a firgice, gine-gine da inuwoyi kamar za su haɗiye ta. Daga wannan kiɗan aka samu Second Rhapsody, wani dogon kiɗan Gershwin, wanda aka fara kaɗawa a Boston a 1932. Akwai kuma mafarkinta na cewa ana yi wa baƙi gagarumar tarba, wanda habaici ne, domin dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta riga ta taƙaita shigowarsu sosai.

Masu kushewa ma da gaskiyarsu. Lafazin Sikotilan na Gaynor yana zuwa yana tafiya, Farrell a sandare yake, barkwancin El Brendel kuma, na kwaikwayon maganar mutanen Suwidin, yakan gundiri mai kallon yau. Sautin ma na farkon zamanin fim mai magana ne, don haka ka sa abin ji a kunne, ka nemi kwafi mai rubutu a ƙasa.