Tambaya da Amsa: Za mu Alƙahira hutu, ina za mu sauka kuma ina za mu je?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni magidanci ne daga Kano, na daɗe ina tara ɗan abin da zan kai iyalina Masar hutu, ni da maiɗakina da yara biyu, sati ɗaya muke so mu yi a watan Disamba in an ba yara hutu. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne gaskiya. Na ga wani otal a intanet mai araha sosai kusa da dala, har an ce daga kan rufinsa kana hango dalar, amma wani abokina ya ce kar in soma, gara in sauka cikin gari, wani kuma ya ce Madinatu Nasr wajen ɗalibanmu. Kaina ya ɗaure. Sannan wuraren zuwa sun yi yawa ban san wanne zan ɗauka wanne zan bari ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kafin ka kalli farashin ɗaki ka fara kallon unguwar da yake, don a Alƙahira unguwa ce ke cin kuɗi. Garin nan da kewayensa mutum sama da miliyan 20 ne a ciki, tafiyar da taswirar waya za ta ce maka minti ashirin sai ka share awa guda a mota in ka faɗa cunkoson yamma, to in ka kama ɗaki mai araha a ƙarshen gari abin da ka rage a kuɗin kwana shi za ka miƙa wa mai tasi safe da yamma, ga yara sun galabaita tun ba a isa ko'ina ba.

Otal ɗin da ka gani kusa da dala a Giza yake, kuma ba ƙarya suka yi ba, da yawansu kana karyawa a kan rufi kana kallon dala. Amma dala wuni ɗaya ce. Sauran kwanakin duk abin da za ka je gani yana ƙetaren kogin Nilu, filin jirgin ma yana can ɗaya gefen garin gaba ɗaya. In kallon ya shiga ranka to ka kwana ɗaya a can, ya isa. Madinatu Nasr kuwa alherinta shi ne mutanenmu, ɗalibai 'yan Afirka suna da yawa a can, za ka samu wanda zai yi maka tafinta, za ka iya kama gida mai kicin uwargida ta riƙa ɗan dafa wa yara abin da suka saba, kuma kusa take da filin jirgi. Ga wanda ya je asibiti ko zai yi wata guda ita zan ce. Amma ɗan hutun sati ɗaya, ni dai cikin gari zan tura ka, wato Wasɗul Balad, kewayen dandalin Tahrir, ko ka ƙetare gada zuwa Dokki in kana son inda ya ɗan fi shiru. Dalili shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro, tashar Sadat tana ƙarƙashin Tahrir ɗin kanta, kuma abinci mai sauƙin kuɗi ko'ina ka juya.

Sai dai ka san irin otal masu araha na cikin gari. Yawancinsu ba gini guda ba ne nasu, hawa ɗaya ko biyu ne suka kama a wani tsohon bene, kana iya samun otal a hawa na shida, ƙofar shiga ta ƙasa ba ta da kyan gani, lif ɗin kuma tsoho ne mai ƙofar ƙarfe. Wannan bai nufin ɗakin ba shi da tsafta, wasu ciki fes suke. Amma ka tura musu saƙo kafin ka biya ka tambaya ƙarara: lif yana aiki, banɗaki a cikin ɗaki yake ko na haɗaka ne (masu arahar da yawa na haɗaka ne kuma da iyali wannan ba zai yiwu ba), akwai ruwan zafi, tagar ɗakin titi take kallo ko baya. Maganar ruwan zafi da bargo kar ka raina ta, Disambar Alƙahira da dare sanyi ne sosai, a tafi wa yara da rigunan sanyi. Maganar taga kuma, mutanen garin nan ba sa barci da wuri kuma hon ba ya tsayawa, ɗakin baya ya fi.

In ka shiga Booking.com ko makamancinsa kar hotunan mai otal su ruɗe ka, ka gangara wajen sharhin waɗanda suka kwana, ka karanta na watannin nan na kusa, musamman masu ƙorafi. Mutum ɗaya ya ce akwai kuɗin cizo wataƙila tsautsayi ne, uku suka faɗa ka wuce. Ka zaɓi wanda ake iya sokewa ba a ci kuɗinka ba, ka kama kwana biyu kacal da farko, in ya yi maka sai ka ƙara a wajensu ido da ido. Kuma ka tafi da takardar shaidar aure, wasu otal suna tambayar Musulmi ita kafin su ba mace da namiji ɗaki ɗaya, da katin allurar shawara na kowa har yaran.

Wuraren zuwa kuma, abin da nake roƙonka shi ne kar ka cika. Unguwa ɗaya a wuni, a fita da sassafe a dawo bayan la'asar.

Wunin Giza ku isa tun ana buɗewa. Babbar dalar ta sarki Khufu ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali wajen mita 146, a ƙasa kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da suke kira Abul Haul. Shiga cikin dalar tikiti ne daban, hanya ce siririya a sunkuye ake hawa, ga zafi, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki, da ƙananan yara ban ga amfanin kuɗin ba. Sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a hukumance a 2025 yana nan kusa, can aka tara kayan sarki Tutankhamun, ɗaya daga cikin Fir'aunonin da, in aljihu zai ɗauka ku haɗa su rana ɗaya.

Na san abin da yawancin mutanenmu ke tambaya shi ne gawar Fir'auna. Ba ta tsohon gidan tarihin Tahrir yanzu, tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 aka mai da su gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, Ramsis na biyu da ɗansa Marnabtah duk suna ciki, kuma su biyun ne aka fi ambata, amma masana ba su haɗu a kan wanene na zamanin Annabi Musa ba, don haka duk ɗan rakiyar da ya rantse maka ka saurare shi kawai. Ba a ɗaukar hoto a zauren. Daga nan masallacin Amr ɗan Asi ba nisa, sahabin da ya buɗe Masar, shi ne masallaci na farko a ƙasar, sai ku yi azahar a can.

Wunin da na fi so ka ba muhimmanci shi ne na tsohon gari, kuma shi ne ma mafi araha, wallahi yana ba ni takaici in ga mutum ya je Alƙahira ya hau raƙumi ya sayo jallabiya ya dawo bai taka Azhar ba. Masallacin nan an fara gina shi a shekarar 970, kakanninmu sun zauna a cikinsa neman ilimi, har ɓangaren mutanen Barno akwai a cikin masaukan ɗalibansa na da, kuma Shaihu Halilu mai Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu mutumin garin nan ne. Shiga kyauta ne. Ka ƙetara titi ga masallacin Husaini, ga kasuwar Khan Khalili a jikinsa, daga nan ku bi titin Mu'izz a ƙafa, tsofaffin masallatai da makarantu ne jere tun daga Babul Futuh har Bab Zuwaila. Washegari ku hau ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176, daga farfajiyar masallacin Muhammad Ali ana ganin gari gaba ɗaya, ku sauko masallacin Sultan Hasan, in da sauran ƙarfi a ziyarci kabarin Imamu Shafi'i. Yara kuma a saka musu da lambun Azhar da yamma su yi gudu, ko a ɗauki jirgin ruwa mai filafilai awa ɗaya a Nilu, a yi ciniki kafin a shiga.

TAMBAYA: Malam ni da ƙanwata ne za mu daga Maraɗi, mu biyu mata, yawon buɗe ido da ɗan sarin kaya. Babu matsala mu sauka a irin waɗannan otal ɗin?

AMSA: Babu Hajiya, amma ku ƙara ɗan kuɗi ku ɗauki wanda ke da mai karɓar baƙi dare da rana kuma ƙofarsa a babban titi take ba lungu ba, wannan ba wajen tsimi ba ne. A metro akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgi, ku nemi alamarsa a bakin layi. Da dare ku kira mota ta Uber ko inDrive a waya maimakon tare tasi a titi, kuɗin a rubuce yake babu jayayya, sai dai lambar mota da lambobin Larabci take don haka ku koye su tun daga gida. Sari kuma ba a Khan Khalili ake yi ba, can farashin baƙi ne, ku nufi Ataba da Muski inda 'yan gari ke saye, cunkoso ne sosai a riƙe jaka a gaba.

TAMBAYA: An ce masu raƙuma a wajen dala suna cutar mutane, gaskiya ne? Kuma Iskandariyya ta cancanci zuwa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Akwai masu yi ɗan'uwa, ba duka ba. Salon shi ne a ce maka hawa kyauta ko a faɗi kuɗi kaɗan, sai kana sama a ce sauka da kuɗinta. Ku gama magana kana ƙasa, nawa ne, da fam ɗin Masar ko da dalar Amurka, har ina, da dawowa, kuma kar ka biya sai ka sauka. Wanda ya ɗora maka rawani ko ya saka maka abu a hannu ya ce kyauta ce ka ce la shukran, wato a'a na gode, ka wuce, tikitinka kuma ma'aikacin ƙofa kawai za ka miƙa wa. Tunda ɗalibi ne kai ka tafi da katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa, ana rage kuɗin shiga wajen rabi, kuma ka tanadi katin banki mai aiki a waje don manyan wuraren yanzu da kati ake yankar tikiti. Iskandariyya kamar awa uku ce a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, akwai teku da ganuwar Ƙaitbai da babban ɗakin karatu, in kwanakinka sun kai bakwai ka je ka wuni, in huɗu ne ko biyar ka bar ta sai wani zuwan.