Alƙali zai iya hukunta ni kan laifin da ba a rubuta ba?

Tambaya: Malam, idan mutum ya aikata abin da jama'a ke ƙyama amma babu dokar da ta hana, kotu za ta iya ɗaure shi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba a samun mutum da laifi sai an fayyace laifin da hukuncinsa a rubutacciyar doka. Wannan ƙa'ida ce ta sa a 1961, a shari'ar Aoko da Fagbemi, babbar kotu ta soke hukuncin zina da kotun gargajiya ta yanke, domin rubutacciyar dokar laifuffuka ta Kudancin Najeriya ba ta ambace ta ba. A Arewa kuwa, sashe na 387 da 388 na dokar Final Kod (Penal Code, wato dokar laifuffuka ta Arewa) sun tanade ta. Saboda haka, fara duba takardar tuhuma: wane sashe aka kafa hujja da shi?