Sadaka ba ta wanke algus a buhun hatsi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sadakar da kake bayarwa da nafilfilin da kake yi za su kankare maka laifin zuba masara mai kyau a bakin buhu alhali wadda ta sha danshi tana ƙasa. Ba za su kankare ba, domin wannan haƙƙin mai saye ne, kuma haƙƙin ɗan'adam ba ya sauka daga wuyan mutum sai an mayar wa mai shi ko ya yafe da kansa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa, yatsunsa suka taɓo lema. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya jiƙa shi, sai Annabi ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Ba a hana ka sayar da kayan ba, sharaɗin dai shi ne ka bayyana aibinsu. Na sha ganin 'yan hatsi suna ware masarar da ƙwari suka huda, su faɗi gaskiya su rage farashi, masu kiwo kuwa su saya da saninsu. Wanda ka riga ka cuta, idan ka san shi, ka neme shi ka biya shi bambancin kuɗin. Wanda ka rasa inda yake, shi ne malamai suka ce a yi sadaka da haƙƙinsa da niyyar ladan ya kai gare shi.