Amsa kan allon silin na zaren rama da batun gobara

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari tambayarka kan allon silin da kuke haɗawa da zaren rama da buntun shinkafa a nan Jos, ko akwai dabarar da za ta hana shi saurin kama wuta.

Zaren tsiro dai makamashi ne. Da zarar zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Salshiyas yakan fara sakin iskar da ke ciyar da harshen wuta, don haka abin da ake nema shi ne a sa shi ya riƙa zama gawayi maimakon ya yi ta ci bal-bal. Jiƙa zaren a ruwan boraks da sinadarin borik asid yana yin wannan aiki, kuma ba shi da tsada, sai dai ruwa yana wanke shi, ga kuma damunar Jos mai tsawo, ta yadda idan kwano yana yoyo a kan allon, maganin zai tsiyaye a hankali ba tare da mai gida ya sani ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne gam ɗin da kuke haɗa allon da shi. Idan na roba ne irin foliyesta, to shi kansa yana cin wuta, kuma yana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri wanda ke shaƙe mutum tun kafin wutar ta iso gare shi. Masu sana'ar sukan zuba garin aluminiyam haidroksaid, wanda idan ya ji zafin wajen digiri 200 yake sakin ruwan da ke cikinsa, kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ya sanyaya allon. Matsalarsa ita ce sai an zuba da yawa, allon kuma ya yi nauyi ya riƙa karyewa.

Shawarata ku bar gam ɗin roba ku koma haɗa allon da siminti ko jifsam, wato farin garin da ake yin POP da shi, ku ƙara farar ƙasa tunda muna da ita a Filato. Buntun shinkafar kuwa kada ku rage shi, domin kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ce mai silika wadda ba ta ƙonewa.

Duk wanda ya ga yadda babbar kasuwar Taminus ta Jos ta ƙone a 2002 ba zai yarda da gwajin ashana a bakin shago ba. Ku kai samfuri ɗakin gwaji a auna tsawon lokacin da zai jure wuta, busasshe da kuma bayan ya sha ruwa ya bushe, kafin ku sayar wa makaranta ko masallaci.